SHARHI: Makomar Ƙananan Harsunan Jihar Bauchi Bayan Soke Manufar Koyarwa da Harshen Uwa

Idan za a iya tunawa, a cikin watan Nuwamba na shekarar 2025 ne Ministan Ilimi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa Gwamnatin Tarayya ta soke manufar nan ta koyar da yara da harshen uwa a makarantun firamare, inda ya bayyana cewa Turanci ne zai kasance harshen koyarwa tun daga ajin share fage har zuwa jami'a. Dalilin da Ministan ya bayar shi ne yawan faɗuwar ɗalibai a manyan jarrabawoyin ƙasa, musamman a yankunan da ya ce sun fi rungumar koyarwa da harsunan gida. Ita kuwa manufar da aka soke ba ta wuce shekara 3 da kafuwa ba, domin a ƙarshen watan Nuwamba na 2022 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita, a zamanin da Malam Adamu Adamu, ɗan asalin wannan jiha, yake riƙe da ma'aikatar. Abin da ta tanada shi ne a koyar da yaro da harshen uwa a dukkan shekaru 6 na firamare.

Tun daga wannan lokaci masana harshe da malaman makaranta da iyayen yara suke ta tofa albarkacin bakinsu, wasu na yabawa, wasu na kokawa. Sai dai wanda ya bi muhawarar a tsanake zai lura cewa kusan kowa ya ɗauke ta a matsayin kokawa tsakanin ɓangare biyu kawai, wato Turanci a gefe guda, harshen uwa a ɗaya gefen. Wannan fahimta ta dace da Kano da Katsina da Ibadan, inda harshen gida da na kasuwa da na wurin ibada duk ɗaya ne. A Jihar Bauchi kuwa al'amarin ya sha bamban, domin a nan akwai harsuna da dama waɗanda ke kan hanyar ɓacewa, kuma harshen da masu su ke komawa gare shi, in ban da 'yan ƙalilan daga cikin 'yan boko, Hausa ce. Saboda haka manufar 2022 ba ta taɓa su ba, sokewar 2025 ma ba ta taɓa su ba, kuma wannan ne abin da ya kamata hukuma da jama'a su tsaya su duba.

Kamar yadda aka sani, takardun gwamnati sukan ambaci ƙabilu 55 a cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar, masana harshe kuwa sukan kai lissafin harsunan wajen 60, abin da ya sanya Bauchi cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a ƙasar da ke da harsuna fiye da 500. Mafi yawansu 'yan'uwan Hausa ne na jini, wato daga babban gidan nan da masana ke kira harsunan Cadi. A yankin Ningi da Warji da Ganjuwa akwai Warjanci da Miyanci da Afanci, da harsunan Siri da Diri da Kariya da Mburku da Jimbin. A kudu, daga Toro zuwa Dass da Tafawa Balewa da Bogoro da Alkaleri, akwai Sayanci da harsunan Geji da Zul da Polci da Guruntum. A kewayen birnin Bauchi da gabashinsa akwai Geranci da harsunan Geruma da Galambi da Deno da Kirfi da Bure. Ban da waɗannan akwai Jaranci, wanda danginsa na kusa suna can cikin harsunan Bantu na tsakiya da kudancin Afirka, sannan ga Fulatanci da Barbarci da Karekare da Bolanci.

Wannan jerin sunaye yana da daɗin karantawa a wurin taro, amma yana ɓoye wani abu. Sunan ƙabila yakan daɗe a takarda bayan harshenta ya kwanta dama. Harshen Ajawa ya ɓace tun tsakanin 1920 da 1940, jama'arsa suka koma Hausa baki ɗaya. Harshen Kubi da ke yankin Ganjuwa da harshen Gamo na Butawan Ningi duk masana sun sanya su cikin waɗanda babu sauran mai magana da su, alhali kuwa Butawa suna nan da yawansu, kuma kowa ya san su da sunansu. A arewacin jihar, Shira ƙaramar hukuma ce sukutum a yau, amma tsohon harshen Shirawa, wanda ɗan'uwan harshen Bade ne, ya bi sahun na Teshena da na Auyo, babu abin da ya rage daga gare su sai 'yan kalmomin da aka samu aka rubuta. Harshen Kudu-Camo na ƙasar Ningi, an ƙidaya masu jin sa a 1990 aka samu mutum 42. Sa'an nan a farkon shekarun 2000, wani masanin harshe Bafaranshe, Farfesa Bernard Caron, ya je neman masu jin harshen Luri a kudu da birnin Bauchi, ya iske mutum 2 kacal, dukansu tsofaffi.

Yana da kyau a fahimci cewa wannan sauyi bai faro jiya ba, kuma babu wata doka da ta taɓa hana kowa magana da harshen kakanninsa. Malam Yakubu, wanda ya kafa masarautar Bauchi a farkon ƙarni na 19 bayan ya yi karatu a wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kuma karɓo tuta daga gare shi, Bageri ne. To amma harshen fada da na kotun alƙali da na makarantar allo da na kasuwa a sabon birnin ya zama Hausa, kuma Gerawa, da yake su ne mafi kusa da birnin da sarautarsa, suna cikin waɗanda suka fara sakin nasu. Yau a garuruwan Gerawa da dama sai an nemi dattijo kafin a ji Geranci tsantsa. Haka nan marigayi Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda tarihi ya nuna mahaifinsa Bageri ne, da Hausa ya rubuta littafinsa Shaihu Umar wanda aka buga a 1934, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Labarin Ningi ya fi wannan ban sha'awa, domin ya nuna cewa ko adawa da mulkin sarakuna ba ta tsare harshe. A wajajen 1846 ne wasu malamai Hausawa ƙarƙashin jagorancin Malam Hamza suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano suka shiga duwatsun Ningi, inda suka haɗa kan Butawa da Kudawa da Warjawa da Afawa da sauransu, suka yi shekaru masu yawa suna fafatawa da Kano da Bauchi da Zazzau. Duwatsun sun kare 'yancin mutanen, amma da yake kowace ƙabila da nata harshen, kuma shugabannin Hausawa ne, sai Hausa ta zama harshen da ake haɗuwa a kai. Butawa da Kudawa, waɗanda suka fi kusa da cibiyar mulkin, su ne harsunansu suka fi saurin tafiya, yayin da Warjanci da ke can gefe yake raye har yau.

Zuwan Turawan mulkin mallaka ya ƙara wa abin gudu. Da Hausa aka gudanar da mulkin En'e, da ita aka karɓi haraji, da ita aka koyar a makarantun elemantare. Jama'ar da ke zaune a kan duwatsu suka sauko fili bayan an daina yaƙe-yaƙe, suka cuɗanya da baƙi a sababbin garuruwan bakin hanya. Samari suka tafi aikin kuza a Jos, suka dawo da Hausa a bakinsu. Su ma 'yan mishan, da suka ga ba za su iya koyon harsuna barkatai ba, sai suka riƙi Hausa, aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da ita a 1932. Sakamakon haka, a yau a ƙauyuka da dama na kudancin jihar za ka iske liman yana wa'azi da Hausa ranar Juma'a, fasto ma yana wa'azi da Hausa ranar Lahadi, alhali jama'ar da ke sauraren su duka harshen gado ɗaya gare su. Daga baya rediyo da waƙoƙi da finafinan Hausa da wayar hannu suka zo suka ɗora a kan abin da suka tarar.

Yadda harshe ke fita daga gida kuwa sananne ne ga duk wanda ya zauna a irin waɗannan garuruwa. Kaka tana jin harshenta sosai, Hausarta kuma da ƙyar. Ɗanta yana jin duka biyu, amma ya auro mace daga wata ƙabila, ko kuma aiki ya kai shi birni, sai Hausa ta zama harshen ɗaki. Jika ya taso yana fahimtar abin da kaka ke faɗa amma da Hausa yake amsa mata, in an matsa masa ya yi gaisuwa da 'yan kalmomin zagi da sunayen abinci. Ɗan jika kuwa ko fahimtar ba ya yi. Cikin shekara 60 ko 70 an gama, ba tare da wani ya zauna ya yanke shawarar a bari ba. A nan ne ƙidayar kawuna ke yaudara, domin harshen da mutum 20,000 ke ji amma babu yaro ko ɗaya a cikinsu ya fi kusa da kabari a kan wanda mutum 2,000 ke ji kuma yara na wasan dandali da shi.

Akwai kuma wani abu da ba a cika son faɗa a fili ba, wato kunya. A bakin jama'a da yawa Hausa da Larabci da Turanci su ne harsuna, sauran kuwa "yare" ne, mai yin su kuma "ɗan yare". Yaron da aka yi wa dariya a makarantar kwana saboda an ji shi yana magana da ƙanensa da harshen gida, ba ya bukatar wata doka kafin ya yi shiru, kuma in ya girma ba zai so ɗansa ya sha irin wannan dariya ba. Hatta Fulatanci, duk da yawan masu shi da darajar da yake da ita a tarihin wannan ƙasa, bai tsira daga saki ba a cikin birane, inda gidajen Fulani da yawa suka wayi gari babu mai iya mayar da gaisuwa da shi. Sunan garin Tafawa Balewa kansa daga Fulatanci ya samo asali, ma'anarsa baƙin dutse, amma ba kowane matashin da ke ambaton sunan ya san haka ba.

To ina makaranta ta shigo cikin wannan? Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa a fara koyar da yaro a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko kuma harshen da aka fi amfani da shi a yankin, kuma an maimaita wannan tanadi a gyare-gyaren da aka yi mata a 1981 da 1998 da 2004. Wannan "ko kuma" ita ce ƙofar da kowa ya bi. Malamin da aka tura wani ƙauye a Ganjuwa ko Toro, wanda ba ya jin harshen garin, ba shi da littafi ko ɗaya da aka rubuta da shi, ga kuma yara daga ƙabilu 3 ko 4 a aji guda, babu abin da zai yi illa ya koyar da Hausa, kuma bai saɓa wa manufa ba. Manufar 2022 ta ƙara yawan shekarun, amma shi kansa Ministan da ya gabatar da ita ya bayyana tun a lokacin cewa aiwatar da ita sai an tanadi littattafai da ƙwararrun malamai. Har aka soke ta, ba a kai ga wannan tanadi ba ga harsuna irin su Miyanci ko Geji, waɗanda yawancinsu ko daidaitacciyar ƙa'idar rubutu da hukumar NERDC ta amince da ita ba su da ita. Ke nan ga yaron Miya, muhawarar da ake yi a Abuja muhawara ce kan ko a koyar da shi da harshensa na biyu ko da na uku.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya. Hausa ta yi wa jihar nan rana. Ita ce ta sa Basayi da Bajari da Bafulatani da Bawarje suke ciniki a kasuwa ɗaya ba tare da tafinta ba, ita ce ake faɗakar da jama'a da ita kan rigakafi da zaɓe da takin zamani, kuma uban da ya ga cewa ɗansa zai fi samun abin yi idan Hausarsa ta nuna, ba za a ce ya yi wauta ba. Mai wannan sharhi ma da Hausa yake rubuta shi, domin da ita ce kaɗai saƙon zai kai ko'ina. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa riƙe Hausa yana nufin sakin na gida. Kakanninmu a wannan yanki sun saba jin harsuna 3 ko 4 ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba. Baƙon abu shi ne yaron da ya taso da harshe ɗaya tak a gidan da kakansa ke jin huɗu.

Abin da ake asara kuwa ya wuce kalmomi. Sunayen itatuwa da saiwoyin magani na duwatsun Ningi da Dass, da irin cututtukan da ake sha dominsu, yawanci a harshen gida suke, kuma da yawa ba su da takwara a Hausa. Haka sunayen ire-iren acca da dawa da manoma suka tace tsawon zamani, da waƙoƙin gayya da na niƙa da na makoki, da jerin sunayen kakanni da tarihin ƙaura. Har ma a shari'ar gona abin yana tasowa, domin iyakokin da aka gada sau da yawa da sunan wani dutse ko rafi ko kurmi aka san su, kuma in aka rasa mai fassara sunan, an rasa shaida. Su kuwa masu binciken asalin Hausa kanta, a wurin waɗannan 'yan'uwa nata suke samun hujjojin yadda tsohuwar siffarta take.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Sayanci, wanda masu shi ke kira Zaar, yana da ƙarfi har yanzu, kuma Farfesa Caron, wanda ya wallafa ƙamus da nahawunsa a Ibadan a 2005, ya ƙiyasta masu jin sa da kimanin 150,000. Dalilan a bayyane suke: suna da yawa, suna zaune a dunƙule a Bogoro da Tafawa Balewa, suna alfahari da sunansu, suna da bikin al'ada na shekara-shekara, kuma mawaƙansu na zamani suna waƙa da harshen. Duk da haka, 'ya'yansu da aka haifa a Bauchi da Jos da Kaduna suna bin hanyar da aka bayyana a sama.

Ta fuskar rubutu, yawancin abin da aka adana baƙi ne suka adana shi. Neil Skinner ya yi nazarin harsunan arewacin Bauchi a 1977, Kiyoshi Shimizu ɗan ƙasar Japan ya zagaya na kudu ya fitar da rahotonsa a 1978, marigayi Farfesa Russell Schuh na Amurka ya wallafa cikakken nahawun Miyanci a 1998, Gian Claudio Batic ɗan Italiya kuma ya rubuta na Bure a 2014. Daga cikin 'yan gida akwai Farfesa Andrew Haruna, wanda ya fitar da nahawun Guruntum a 2003. Aiki ne mai daraja, amma da Turanci ko Faransanci aka yi shi, domin masana, kuma akasarin littattafan suna ɗakunan karatu na ƙasashen waje, inda jikokin waɗanda aka yi hira da su ba za su taɓa gani ba.

Maƙwabciyarmu Jihar Yobe ta ga irin aikin da ya fi dacewa da jama'a. A shekarun 2000, Farfesa Schuh da Dokta Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci wani shiri wanda ya ɗauki 'yan asalin harsunan Bade da Bole da Duwai da Karekare da Ngamo da Ngizim, aka horar da su, su da kansu suka tattara kalmomi da tatsuniyoyi da karin magana, aka buga ƙamusoshi a Potiskum inda mai bukata zai iya samu. Ba a jira wata manufa daga tarayya ba kafin a yi wannan.

Ita ma Jihar Bauchi tana da damar yin nata, domin sanarwar 2025 ta shafi harshen da ake koyarwa da shi ne, ba ta hana a koyar da wani harshe a matsayin darasi ba, kuma makarantun firamare a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke. Matakin farko shi ne sanin inda aka kwana. Ƙidayar jama'a ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa ƙabilarsa ko harshensa ba, shi ya sa alƙaluman da ake yawo da su tsofaffin ƙiyasi ne. Bincike na gari-gari, wanda zai tambayi abu guda, wato ko yara 'yan ƙasa da shekara 10 suna magana da harshen, aiki ne da ɗaliban sassan harsuna na Kwalejin Ilimi ta Azare da ta Kangere da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau za su iya yi da taimakon hakimai da dagatai. Bugu da ƙari, gidan rediyon jiha da ƙananan tashoshinsa na yankuna za su iya ba harsunan da ke raye fili na hira da tatsuniya da wasan yara, maimakon taƙaitaccen fassarar labarai kawai, domin yaron da ya ji harshen kakarsa a rediyo ya samu amsar da zai ba mai yi masa dariya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2022 zuwa 2032 domin harsunan asali, ana kuma bikin ranar harshen uwa a duk ranar 21 ga Fabrairu tun daga shekarar 2000. Idan za a ware wani abu a kasafin kuɗi domin wannan, wajibi ne a bambance tsakanin harsunan da za a iya rayawa, irin su Sayanci da Jaranci da Warjanci, waɗanda bukatarsu ƙa'idar rubutu ce da littattafan yara, da kuma waɗanda abin da ya rage kawai shi ne a naɗi muryar tsofaffinsu da na'ura, a rubuta, a ajiye kwafi a fadar hakimi da ɗakin karatu na jiha. Rukuni na biyu ne ba ya jira. Mutumin da yake da shekara 40 a lokacin da aka ƙidaya masu jin Kudu-Camo a 1990, in yana raye, yau ya ba 70 baya.